Man Gyaɗa a Kunnen Malam

Ni na fara lura cewa kunnen maigidana na dama ba ya ji sosai, tun shi bai yarda ba. In ya kwanta ta hagu, 'yarmu sai ta yi ta tsala kuka a gefensa, yana barcin ranarsa. Waya kullum a kunnen hagu. In muna tafiya a bakin titi sai ya zagayo ya sa ni a hagunsa. Na daɗe ina zaton kare ni yake yi daga tirelolin da ke gangarowa daga gada, ashe so yake ya ji abin da nake faɗa.

Lokacin yana koyar da lissafi a wata sakandare a Dagumawa, bayan ya gama jami'ar garinmu. Ni a firamare karatuna ya tsaya. Wata Juma'a ya dawo daga masallaci, ya zauna kan tabarma ko hula bai cire ba, ya ce sunansa ya fito cikin waɗanda za a tura koyon tuƙin jirgin sama.

Na ce, "Irin mai kai alhazai?"

Ya ce, "Irinsa. Amma da sauran tafiya."

Ya yi mini bayani a hankali, yadda yake yi wa ɗalibansa. Lissafi da kimiyya da Turanci duk yana da su a takarda. Saura gwajin likita: ido, zuciya, jini, kunne. Za a sa mutum a wani ɗan ɗaki, a rufe masa kunnuwa da abin sauraro, a riƙa sako ƙara siririya kamar kukan sauro, in ya ji ya danna maɓalli. Ya ce matuƙi da kunne yake tafiya, don mutanen ƙasa ne ke gaya masa ya hau ko ya sauka. Wanda ya faɗi gwajin nan, a ba wani gurbinsa.

Ya ci gaba da magana, ni kuwa hankalina ya tsaya a kan kunnen.

Na rasa wanda zan gaya wa. Surukata ta riga ta baza labari, har matan layinmu sun fara ce mini matar direban jirgi. Kuma ban ɓoye wa kaina ba, akwai gefen zuciyata da ke so ya faɗi ya zauna tare da mu. Duk sanda tunanin ya zo sai in yi istigfari. Don in wanke kaina daga wannan ne na goya yarinya na tafi Achika wurin Innata. Ta ce ai abu ne mai sauƙi: a ɗumama man gyaɗa da tafarnuwa, a ɗiga uku, a toshe da auduga.

Da na kawo masa maganar sai ya yi dariya. "Ke, soya kunnen za ki yi? Kifin bakin gada kika mai da ni?"

"Malam, ka dai kwanta."

Ya kwanta. Yadda bai ja maganar ba ya nuna mini shi ma ya daɗe da sani.

Kwana biyar ina ɗiga masa. Ana gobe gwaji ya tashi kunnen ya toshe gam. Ya ce ji yake kamar ya nutsa a kogi. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce kawai, "Da kin bar ni yadda nake." Ya goge takalminsa da kansa.

Ranar da ya tafi Kano gwajin ban ɗora tukunya ba. Na share tsakar gida, na sake sharewa. Na yi ta tunanin yadda zan zauna da mutum har tsufa, ya san da hannuna na rufe masa hanya, ni kuma ban tabbata ko da gangan zuciyata ta yi ba.

Bayan la'asar ya shigo, ya buɗe wata 'yar takarda a gabana. Wani baƙin abu ne ciki, kamar ƙwallon dabino. Ya ce daga kunnensa likita ya wanko shi. Datti ne ya daskare shekara da shekaru, man ya kumbura shi ya toshe ƙofar, amma shi ya sa ya yi laushi ya fito. Likita ya ce a gaya wa uwargida ta bar tafarnuwa a miya. An ɗaga masa gwajin kunne zuwa mako mai zuwa.

Ya karkata kai yana saurare. "Ashe haka kajin nan naki suke da surutu?"

Ya ci gwajin. Bayan sallar layya ya tafi Zariya, makarantar koyon tuƙin jirgi.

Yanzu ni da yarinya ne a gidan. Yakan kira bayan azahar in ba su tashi sama ba. Yana ba ni labarin karatun iska da gajimare, da awowin da sai ya tara a sama tare da malaminsa kafin a bar shi shi kaɗai, da waɗanda zai tara bayan nan kafin a yarda ya ɗauki fasinja. Ina cewa to, to, ba duka nake ganewa ba. Ba na gaya masa rufin kicin na yoyo, ko cewa yarinya ta fara kiran ƙanina Baba. Ya ce an hana su tashi da damuwa a ka.

Shekaranjiya yana cikin magana ya tsaya.

"Muryarki ta canza."

Na ce, "Mura ce, Malam."

Ya ce in sha citta, ana kiransu aji. Na ajiye wayar a kan turmi, na tashi na kwashe shanya, don hadari ya haɗo daga gabas.