Baba Lawal, Majidaɗin da Ya Ba da Shaida

Ina cikin aji a makarantarmu ta Ƙofar Sauri ƙanena Bashir ya kira ni. Da na ji ya ce, "Yaya, sai haƙuri," na san Baba ya tafi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mutanen Ƙofar Marusa sun san shi a matsayin tsohon baduku mai ƙarancin magana. Kaɗan ne suka san cewa a ƙuruciyarsa shi ne Majidaɗin wani hakimi a ƙasar Katsina. Hakimin ya ɗauko shi ne daga rumfar mahaifinsa saboda iya zance, ya fifita shi a kan dattawan fada, har ya zama ba mai ganin hakimi sai ta hannunsa. Baba bai taɓa ba mu labarin nan da alfahari ba. Yakan ce, "Inuwar babba daɗi gare ta, amma tana sa mutum ya manta akwai rana."

Da bakinsa ya faɗa mini cewa wani manomi da fadawa suka ƙwace wa gona ya kwana uku a ƙofar fada yana neman iso, shi kuwa ya yi ta ce masa ya dawo gobe, har mutumin ya gaji ya tafi.

Sai zamani ya juya. Sojoji suka karɓi mulki, aka raba sarakuna da kotuna da 'yan doka, aka turo masu bincike. Fadawa suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka kira Baba shaida, hakimin ya tsare shi a zaure.

"Lawal, mi za ka hwaɗa masu?"

"Ranka shi daɗe, abin da na gani."

"Ko da zai kai ni ƙasa?"

Baba ya ce hawaye kawai ya yi ta yi. Ya je ya faɗi maganar gonar, ya ƙara da cewa, "Ni na hana mai ita shiga." Aka mayar wa manomin gonarsa, aka sauke hakimin.

Tsohon hakimin ya dawo cikin birni, ya zauna a wani ƙaramin gida a Ƙofar Marusa. Baba ya biyo shi. Kullum da safe sai ya zo ya share zaure, ya yi gaisuwa, ba a amsa ba, ya koma rumfarsa ya kama dukanci. An fi shekara a haka. Mahaifiyarmu ta ce masa ya daina wulaƙanta kansa, ya ce, "Gaskiya na biya ta haƙƙinta, saura haƙƙin gishirin da na ci." Sai da ciwo ya kwantar da tsohon, wata rana aka ji muryarsa daga ɗaki: "Lawal, zo ka tashe ni zaune." Baba ne ya yi jinyarsa, da ya rasu kuma shi ya yi masa wanka.

Mu 'ya'yansa mun tashi a gidan da ba a barin mai sallama a tsaye. Ko yana cin abinci, in ya ji sallama, sai ya ajiye ya fita da kansa.

Ya Allah, Ka gafarta wa Baba kwana ukun nan da ya rayu yana nadamarsu. Ka jiƙansa, Ka jiƙan ubangidansa, Ka haskaka kabarinsu. Ka ba mahaifiyarmu Hajiya Rabi da mu duka haƙurin rashinsa. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.