Mama Asabe da Haddar Turancina

Ina ɗaura igiyar takalmi da safen nan waya ta shigo: Mama Asabe ta rasu a Kwali. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce mai buga takardu a ofishinmu kafin ta yi ritaya. Ni kuwa a lokacin direban bas ɗin ma'aikata ne, kullum daga Karmo zuwa sakatariya, ita a kujerar gaba.

Kwatsam aka ce za a rage direbobi. Wanda ya ci jarrabawar komawa aikin ofis ya tsira, wanda ya faɗi ya kama hanyar gida. Ga mata, ga yara uku. Lissafi bai ba ni tsoro ba. Turanci ne ya tayar min da hankali, musamman inda ake ba ka labari ka karanta ka amsa tambayoyi.

Sai na samo takardun jarrabawar baya, na yi abin da na fi iyawa: hadda. Ni fa a makarantar allo na tashi. Cikin sati biyu na haddace labarai shida cif, ko waƙafi ban bari ba.

Na je teburinta ina ji da kaina, na zubo mata ɗaya da ka, tiryan-tiryan. Ta tafa min.

"Masha Allah, Sabi'u! To, manomin nan, me ya sa ya sayar da gonarsa?"

Na ce, "Wane manomi, Mama?"

Wallahi sai da ta cire tabarau don dariya. Ashe labarin manomi nake ta rerawa ban sani ba.

Daga ranar, lokacin cin abincinta ya zama nawa. Takan ciro tsohuwar takarda daga fayil, in karanta sau biyu, ta kife ta. "Oya, gaya min da Hausa, kamar kana kai wa matarka gulma."

In na ci karo da baƙuwar kalma ba ta bari in taɓa ƙamus. Sai na duba kalmomin da ke gefenta na yi hasashe tukuna. Kalma biyar a rana, in rubuta a bayan littafin mai na mota.

A gosulo ma ban tsira ba. Ta nuna allon talla ta ce in fassara, ma'aikata na bayanmu suna ba ni maki. Ran da na ce "he go" maimakon "he goes", ta kalle ni ta saman tabarau: "Ina sauran? Ka bar shi a Karmo?"

Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa sa na ji ni daƙiƙi ne ba. In na yi ƙoƙari, dafaffiyar gyaɗa ce ladana.

Ranar jarrabawa aka kawo labarin da ban taɓa gani ba. Na karanta sau biyu, na kife takardar, na ba kaina labarin da Hausa a zuci. Sai ga amsoshin a fili.

Na ci. Yarana ba su bar makaranta ba.

Ganinmu na ƙarshe watan jiya ne, na kai mata ziyara Kwali. Idonta ya yi rauni, ta miƙo min jaridar Turanci ta ce in karanta mata. Na kai wani wuri na fashe da dariya kafin in ƙarasa layin. Ta dafa hannuna ta ce, "Ka gani? Yanzu kana jin abin da kake faɗa."

Ɗazu oga ya kira ni ya ce ni zan rubuta wa iyalanta takardar ta'aziyya ta ofis, da Turanci. Na rubuta. Na miƙe da ita a hannu zan kai a duba min, sai na tuna mai duba min ta tafi, na tsaya a tsakiyar ofis ina hawaye.

Allah Ya jiƙan ki, Mama. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya ba 'ya'yanki haƙuri.

Duk wanda ya karanta har ƙarshe, don Allah kar ya wuce bai yi mata addu'a ba.