Gaisuwar Baba a Kan Hawa

Duk shekara, da an gama haƙar doya, mahaifina yakan ɗaure tsaraba a bayan kekensa ya bar Tudun Fulani, ya nufi ƙauyen yayarsa da ke cikin jihar Kaduna, kaɗan bayan an tsallake iyaka. Ga jirgin ƙasa, ga motocin kasuwa, amma shi babu ruwansa da su. Hanyar cikin duwatsu yake bi ta bayan Gwada, ya kwana wurin abokai, ya isa ƙafafu a kumbure yana fara'a. Babban abin alfaharinsa shi ne gajiya ba ta taɓa sauke shi daga keke a kan hawa ba.

A shekarar da nake magana, ko daga masallaci ya dawo sai ka ji yana haki. Innarmu da yayyena suka ƙulla shawara a bayan idonsa: a bar shi ya tafi, amma in raka shi. In ya kasa, in dawo in faɗi gaskiya, a rataye keken a zaure, an gama ke nan. Ni aka zaɓa wai don ina da ƙarfi. Ƙarfin ina? Tela ne ni a Tunga, fedar da ƙafata ta sani ta keken ɗinki ce. Baba ya gane dalilin rakiyar sarai. Sai ya dubi keken aron da na kawo ya ce, "Allah ya sa dai ka iya faci."

Ranar farko na sha wuya, amma ta washegari ce har yau nake ji a gwiwa. Da muka bar hanyar mota, sai turba siririya mai tsakuwa, ta hau, ta gangara, ta sake hawa, kamar wanda ya fitar da ita yana jin haushin mutane. A gangara birki yana kuka, tafin hannu yana zafi. A hawa kuwa sai ka miƙe tsaye kan feda, tayar baya tana zamewa. Sirdi ya cinye ni, gumi yana shiga ido, ruwan gorarmu ya yi ɗumi har ba ya kashe ƙishi. Na tsine wa ranar da na ce to.

Ga kuma gaisuwar Baba. A tarbiyyarsu ba a gai da mutum daga kan keke. Sai ka sauka, ka dafa sirdi, ka yi gaisuwa cikakkiya. A tsakiyar hawan farko muka haɗu da wani dattijo, Baba ya sauka, suka yi ta yi. Na ce wannan daidai ne. A hawa na gaba matan Gwari ne ɗauke da itace a kafaɗa, ya sauka ya gaishe su da guntun Gwarancinsa, suna ta dariya. Can kuma wani makiyayi, wanda ko ni na girme shi.

Na ce, "Baba, wannan fa ƙanena ne."

Ya ce, "To ƙanenka ba mutum ba ne?"

Raina ya ɓaci, don duk tsayawa sai ƙafafuna su sandare, tashi ya gagara. Na yi ta ƙunƙuni a bayansa. Sai da muka zo wata doguwar gangara na ga ya wuce wani tsoho mai furfura da ƙararrawa kawai, ko waiwaye babu. Daga nan na fara lura. A gangara ba ya ganin kowa. A hawa kuwa, ko mutum yana can ƙarshen gona inda ba zai ji ba, sai ya sauka ya ɗaga masa hannu ya daɗe a tsaye. Ashe numfashi yake mayarwa da sunan gaisuwa. Tausayi ya kama ni, na daina ƙunƙuni.

Da rana ta karkata muka iso hawan ƙarshe, wanda daga bayansa sai rafi, daga rafi sai ƙasar Kaduna. Falalen dutse ne tsirara, babu gona, babu bukka, ko akuya babu. Baba yana gaba, kekensa yana tangaɗi. Ina ganinsa yana duba dama, yana duba hagu, yana neman wanda zai gaisar. Numfashinsa har inda nake ina ji. Na san ba zai sauka a gabana ba, gara ya faɗi.

Ban san inda na samo ƙarfin ba. Na taka na wuce shi, na kwantar da kekena, na durƙusa a tsakiyar hanya na ce, "Baba, barka da yamma."

Ya ja birki. Ya dube ni kamar bai san ni ba, sannan ya sauka a hankali ya dafa sirdi. Ya ce, "Barka kadai."

Na shiga jero masa gaisuwa kamar baƙon da ya shekara bai zo ba. Ya hanya, ya rana, ya mutanen gida, alhali gida ɗaya muka baro. Yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau, alhamdulillahi, numfashin yana ɗan daidaita. Da na ga ta kusa ƙarewa, sai na koma kan wadda kowa ke yi ba tare da tunani ba.

Na ce, "Ina gajiya?"

Ko jinjiri ya san amsar wannan. Mutum yana kwance rai a hannun Allah ma cewa yake ba gajiya. Baba ya ɗaga kai ya dubi sauran hawan, ya daɗe yana dubansa.

Ya ce, "Akwai ta."

Na miƙe tsaye. Ya turo mini kan keken ya ce, "Riƙe, ka tura mana su duka. In mun koma kada ka ce wa innarku komai. Ni zan gaya mata da bakina."