Batul a Ƙofar Kotun Bakin Kogi

Ranar da na fara ganin Batul, ƙafata ɗaya ba takalmi. Damina ce, kuma duk wanda ya san baƙar ƙasar Gadarif ya san yadda take riƙe mutum in ta sha ruwa. Ina dawowa daga kasuwa na taka inda bai kamata ba, na zaro ƙafa, takalmin ya zauna a cikin taɓo. Ina tsaye ina tunanin yadda zan sunkuya da wannan bayan nawa, sai ga wata mata da jarka a ka. Ta sauke, ta cusa hannu ta ciro takalmin, ta wanke shi da ruwan jarkar, ta wanke mini ƙafa, ta sa mini. Ruwan saye ne. A unguwarmu ko mai gida ba ya wanke takalmi da ruwan saye.

Na ce, "'Yata, kin yi ɓarna."

Ta ce, "Inna, mu 'yan bakin kogi ne. Hannunmu bai koyi rowar ruwa ba tukuna."

Bayan haka na gane su ne suka kama ɗakuna biyu a bayan gidana, ita da yaranta da uwar mijinta, wadda kowa ke kira Hajja. Daga Madani suka gudo, a ƙarshen shekarar da yaƙi ya fara.

A can aka haife ta, a unguwar Hausawa, ubanta masunci ne. Tun tana budurwa take sayar da shayi a ƙarƙashin itatuwan da ke gaban tsohuwar kotu ta bakin kogi. Nan ta samu miji. Ibrahimu mai facin taya ne, rumfarsa tana can gaba, wajen siniya, shataletalen da ke da dogon ginshiƙin tunawa a tsakiyarsa. Akwai masu shayi kusa da rumfarsa, amma yakan wuce su duka ya zo wurinta. Ta ce sai bayan aure ya gaya mata shayinta ya cika sukari, kuma shi da ma kofi yake so.

Da masu bindiga suka shigo garin, Ibrahimu ya ɗora su a kan wata babbar mota. Ya ce shi zai tsaya ya tsare gida da kayan aikinsa, abin ba zai daɗe ba. Suna waya da farko. Sai aka yanke waya a ƙasar duka. Da ta dawo, ta kowa ta dawo, ban da tasa.

Ni mijina Malam Husain a hannuna ya cika. An wanke shi, an kai shi, na zauna na yi takaba, mata suka zo suka faɗi abin da ake faɗa. A lokacin ina ganin ba wadda Allah ya jarraba kamata. Sai da na zauna kusa da Batul na san ashe wannan ma rahama ce.

A ƙasar nan matar aure ba ta zama da ƙafa ba lalle. Wadda mijinta ya rasu ce take barin lalle. Hajja ta riƙe wannan da ƙarfi. Batul takan tafi yankan riɗi a gonakin Ƙala'at an-Nahal, ta dawo da dunduniya a tsage, hannu duk kanta, ta tarar tsohuwa ta kwaɓa lalle tana jira. In ta ce ta gaji, Hajja ta ce, "So kike ya shigo ya same ki kamar wadda ta riga ta binne shi?" Sai ta miƙa ƙafa. Na sha leƙawa ta katanga in gan ta zaune a kan gadon igiya, ƙafafu a naɗe da tsumma, tana kallon bango.

Da garin Madani ya buɗe mutane suka fara komawa, wata tsohuwar abokiyar sana'arta mai suna Salwa ta kira ta. Ta ce Hamoda, maƙwabcinsu mai gidan burodi, ya san wani abu game da Ibrahimu, amma ba ya faɗa a waya. Batul ta gaya wa Hajja. Tsohuwar ta ce ita ba ta karɓar mutuwar ɗanta daga bakin masu shayi. Wanda ya gani ya zo gabanta ya faɗa, ko alƙali ya faɗa. In ba haka ba, ba mai sa farin zanen takaba a ɗakinta, ba kuma mai shimfiɗa tabarmar gaisuwa.

Limamin unguwarmu ya ce wa Batul in zuciyarta ta tabbata, tana iya fara takaba. Amma a ina za ta zauna ta yi? Ɗakin na Hajja ne.

Batul ta roƙe ni in raka ta Madani. Ban taɓa wuce garin Fau ba a rayuwata, amma na ɗauki carbina da maganin gwiwa muka shiga mota.

Da muka hau gada na ga ruwan da take ba ni labari. Na yi salati. Ita ko kallonsa ba ta yi ba.

Kotun tsohon gini ne na jan bulo, tun zamanin Turawa, in ji ta. Tana da doguwar baranda mai baka-baka, da tagogin katako da suka fi mutum tsawo. Bangon gefen titi duk ramukan harsashi ne, kamar fuskar wanda ya yi agana. An sake buɗe wani ɓangare, wani ɓangaren jemagu ne a ciki. Batul ta ja ni gindin wata bishiya ta nuna mini inda hayaƙi ya baƙanta katanga.

Ta ce, "Murhuna ne ya yi wannan. Da alƙalai da ɓarayi duk sun sha daga hannuna. Na aika shayi cikin ginin nan fiye da shekara ashirin, ban taɓa taka matakalarsa ba."

Salwa tana nan da teburinta. Ta rungume Batul, sannan ta ture ta baya tana dubanta.

"Gadarif ta toya ki. Kin koma kalar ƙasarsu."

"Ke kuma yunwar yaƙi ba ta rage miki komai ba. Wa ya ba ki gindin bishiyata?"

"Bishiyarki? Da ubanki ya dasa ta da tarun kifi ya rataya a jiki." Sai idonta ya sauka a kan ƙafafun Batul, baƙin lalle har idon sawu. Ta juya ta zuba mana shayi.

A ciki mun samu wani akawu mai furfura. Ya gane ta, har ya miƙe tsaye. Ya saurare ta da kyau, ya ce a kawo wanda ya ga gawar ko ya halarci binnewa, ya rantse a gaban alƙali. In babu, sai hukuncin wanda ya ɓace, shi kuma shekaru ake jira. Ya ce, "Ki kawo shi gobe da safe, ya hajja Batul, ni zan shigar da ku da kaina."

Hamoda ya ƙi mu je gidansa. Ya ce mu same shi a siniya bayan la'asar. Mun riga shi zuwa. Ginshiƙin dogo ne, fari, ya ƙanƙance daga sama, da matakalai kewaye da gindinsa. Ciyawar da aka dasa ta mutu. A jikinsa akwai wani wuri mai kusurwa huɗu da fentin ya fi haske, da ramukan ƙusa. Na tambaye ta na wane ne. Ta ce na wasu mutane ne da suka mutu tun da can, sunayensu suna kan farantin tagulla, ana kawo 'yan makaranta su karanta. Yanzu an ɓalle farantin an sayar. Ta nuna mini tsallaken titi inda rumfar Ibrahimu take. Ba komai sai rabin taya a binne cikin ƙasa.

Hamoda ya zo a ƙafa. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, amma jallabiyarsa tana lilo a jikinsa kamar ta aro. Bayan hannunsa duk tabon ƙuna. Ya gaishe mu yana waige. Ya zauna matakala biyu ƙasa da mu, ya ba mu baya, kamar ba tare muke ba, ya yi magana yana kallon motoci.

Ya ce zawo ne ya kama Ibrahimu, lokacin ba asibiti ba magani, ruwan ma na kogi ake sha ɗanye. Ya kwana biyu bai zo karɓar burodi ba, shi ya sa ya haura katanga. Ya same shi da sauran numfashi, ya ba shi ruwan gishiri da sukari, ya laƙanta masa kalmar shahada, ya kuwa amsa. Su uku suka wanke shi. Maƙabarta ba ta zuwuwa saboda shingen masu bindiga, sai suka binne shi a filin ƙwallon unguwa, inda ake binne kowa a lokacin. Ya sa rabin bulo a wajen kai. Damina ta zo ta shafe wurin, yanzu shi kansa ba zai iya cewa ga shi nan ba. Sauran biyun, ɗaya ya rasu, ɗaya ya tafi Masar ba labarinsa.

Batul ba ta yi kuka ba. Ta tambaye shi ko an samu likkafani. Ya ce zanen gado ne, amma wankakke. Ta ce Allah ya saka masa. Sannan ta gaya masa maganar akawu. Ya ce in Allah ya so zai zo.

Da safe muka zauna a barandar kotu. Akawun ya leƙo, ya sake leƙowa. Rana ta ɗaga sosai kafin Salwa ta yafito mu. Hamoda yana tsallaken titi, a bayan wata mota da ta ƙone. Muka tsallaka.

Batul ta ce, "Ya Hamoda, ƙofar ga ta can."

Ya ce, "Na gan ta, 'yar'uwa. Tun hantsi nake kallonta."

"To mu shiga. Magana biyu ce."

"Ba biyu ba ce. Zan ce na binne shi a wata kaza. Sai a rubuta cewa ina garin a wata kaza. Gobe wani ya ce, me kake yi a garin? Wa ya ba ka fulawa? Wa ya ci burodin?" Ya shafa bayan hannunsa. "Na toya, Batul. Tsofaffin unguwa sun ci, mijinki ya ci, su ma sun zo da bindiga sun ɗiba. Uwata ba ta tafiya, ina zan kai ta? Yanzu waɗanda suka gudu sun dawo da tsabtarsu, mu da muka zauna muka binne musu 'yan'uwa mu ne abin nunawa. An zo an tafi da mai niƙa na layinmu a kan abin da bai kai wannan ba. 'Ya'yana mata ne, duka huɗun."

Na sa baki na ce, "Ɗana, to ka faɗa wa tsohuwar a waya. Uwa ce."

Ya ce, "Hajja? In ta ji, kafin magariba Gadarif ta ji, kafin Juma'a Madani ta ji. Na san ta, Inna, katanga ɗaya muka haɗa."

Batul ta ce, "Ka haura katanga don shi yana da rai. Matakala uku ce wannan."

Ya ce, "A lokacin mutuwa kawai nake tsoro."

Ya ciro wata leda daga ƙarƙashin hammata, burodi ne mai zafi, ya miƙa mata. Ba ta karɓa ba. Ya ajiye a kan ƙonanniyar motar ya tafi, bai waiga ba. Ban iya tsine masa ba, kuma har yau ban iya yafe masa ba, ko da yake ba ni ya yi wa ba. Salwa ce ta je ta ɗauko burodin, ta ce abinci bai yi laifi ba.

Da muka dawo gida Hajja tana zaune a ƙofar ɗaki. Ta ce, "Me alƙalin ya ce?"

Batul ta ce, "Ba mu ga alƙali ba."

"Mai burodin fa?"

Batul ta dubi yaranta, ta dube ni. Ta ce, "Bai zo ba."

Tsohuwar ta sauke ajiyar zuciya, fuskarta ta saki. Ta ce, "To kin gani." Ta aiki jikarta ta ɗauko mata kwanon lalle.

Haka suke har yanzu. Batul tana soya ta'amiya, wani irin ƙosai, da safe a bakin tasha, in kaka ta yi ta bi motar gonaki. Mata in sun gaishe ta sai su ce Allah ya dawo da shi lafiya, ta ce amin. Yaran suna ajiye masa labarai. Hajja ta ƙara tsufa, kuma na lura ba ta taɓa tambayata abin da na gani a Madani ba. In muka haɗu a bakin famfo sai ta yi ta ba ni labarin tsadar gawayi har in tafi.

Wata Juma'a da hantsi na idar da walaha ina kan dadduma, Batul ta shigo. Ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta jira na shafa addu'a.

Ta ce, "Inna Jummare, kina yi wa Malam Husain sadaka ranar Juma'a, ko?"

Na ce ina yi, ko dabino ne, ko ƙosai.

Ta ce, "Ni in na yi za a tambaye ni ta wa ce. Ke ba mai tambayarki. Ki riƙa haɗawa da Ibrahimu. Ba addu'ar matafiyi ba, wannan ana yi masa ta ishe shi. Irin wadda kike yi wa naki. Ki kira sunansa da na ubansa, Ibrahimu ɗan Babiker, da murya, yadda za ki ji da kunnenki."