Rumbun da Ƙofarsa ke Cikin Gidan Wani

Kakarmu Inna Kulu ba ta fara tatsuniya sai an kwashe tuwo. A gidanmu na Kebbe, bayan girbi, takan tura karan gero cikin murhu, mu jikoki mu matso da ƙoƙon gyaɗa. Hayaƙi na sa mu hawaye, amma ba mai tashi. Ni da Nasiru, ɗan kawuna, kullum muna faɗa a kan wanda zai jingina da ƙafarta.

"Ku buɗe kunne," in ji ta, "ni ban maimaita zance."

Akwai labari ɗaya da ba mu so, ita kuwa ta fi son shi. Wai wata tsohuwa ce ke da irin gero mai jure fari. Duk wanda ya zo ta ɗibar masa, ba ta neman komai sai in ya girbe ya dawo da zangarniyar da ta fi kyau. A tukwane take ajiye irin, gara da ɓeraye na yi mata ɓarna. Sai wani attajiri ya ce zai gina mata rumbu saboda Allah. Ya kuwa gina, babba mai kyau, a jikin katangar gidansa, ƙofar tana ta ciki.

Bai taɓa hana kowa iri ba. Sai dai ka bi ta zaurensa, ka tuɓe takalmi, ka faɗi inda gonarka take. Da shekara ta zagayo ya ce geron da mutanen ƙauye ke dawowa da shi ba ya da kyan gani, a daina zuba shi. Tsohuwa ta yi magana, ya ce, "Haba Iya, irin naki ne har gobe. Ni gini kawai na yi."

"Sai mi ya faru, Inna?"

"Ba komi. Tsohuwa ta mutu, mutane suna ta yi mai godiya."

Mukan yi ta ƙorafi, don ba wanda aka hukunta. Ita kuwa sai ta ja mayafi ta ce a kashe wuta.

Bayan mun gama karatu, ni da Nasiru muka zauna a Tambuwal, muka haɗa wata manhajar waya da ke gaya wa makiyayi abin da zai yi in dabbarsa ta kamu da ciwo. Da murya take magana, Hausa da Fulatanci, kuma tana aiki ko a dajin da ba sabis. Muka bar rubutun cikinta a buɗe, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya kwafa ba tare da izininmu ba. Matasa daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba suka riƙa turo gyara. Don kada ta zama ta mutum ɗaya, muka ce mu kafa mata gidauniya.

A nan wani kamfanin maganin dabbobi ya shigo. Zai ba da ofis, da kwamfutoci, da albashin ma'aikata, shi kuma a ba shi rinjaye a kwamitin gudanarwa. Na tuna wa Nasiru labarin Inna. Ya yi dariya.

"Hauwa'u, ki bar tatsuniya. In sun ɓata mana rai, sai mu kwashi abinmu mu tafi. Doka ta ba mu."

Na ƙi yarda, Nasiru da sauran masu gyaran suka rinjaye ni. Ba a daɗe ba maganin kamfanin ya koma shi ke fara fitowa a kowace amsa. Daga baya aka ajiye Fulatanci, wai kula da shi na cin lokaci. A ƙarshe aka ce dole sai da sabis, don kamfanin yana son sanin wa ya tambayi me, kuma daga ina. Nasiru, wanda ya zama shugaban gidauniyar, shi ya sanar da hakan, idonsa a kan tebur.

Na kwafi tsohuwar manhajar na fita, kamar yadda doka ta ba ni. Ba wanda ya biyo ni. Sunan manhajar na can wurin gidauniya, albashin na can, masu gyaran ma na can.

Ina yarinya na ɗauka Inna ba ta iya ƙarasa labari ba ne. Yanzu na gane ba mugun mutum take nuna mana ba. Ana iya raba ka da abinka ba a ɗauke shi ba, ba a yi maka ƙarya ba, har ka rasa wanda za ka kai ƙara.

Ranar wata kasuwar Tambuwal na haɗu da Baffa Manu, dattijon da ya ba mu muryarsa kyauta muka naɗi Fulatancin. Saniyarsa ta kumbura a daji, ya danna waya ta yi shiru, kafin ya kai inda ake samun sabis saniyar ta mutu. Bai yi faɗa ba.

"Ɗiyata," ya ce, "muryata da kuka ɗauka, tana ina yanzu?"

Na ce tana nan a ajiye, kowa na iya saurara.

Ya jinjina kai. "To ni mi ya sa ban ji ta ba?"