Layi Na Uku, Papa

Okechukwu haihuwar kwatas ɗin reluwe ne a Kafanchan. Mahaifinsa, Papa Nicholas, ya ƙarar da ƙarfinsa yana juya wa jiragen ƙasa layi a tasha, har jiragen suka yi ƙaranci, daga baya shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi a kujera. Ɗan ya sami aikin jan wayar intanet a wani kamfani a Kaduna, ya kama ɗaki a Sabon Tasha, yana shirin jarrabawar da za ta mai da shi injiniya.

Jarrabawar tana son gwaji da hannu. Ya tara rawuta huɗu 'yan gwanjo, injunan da ke raba wa saƙo hanya, amma ɗakinsa ba wuri ba wuta, sai ya jera su a gidansu na Kafanchan inda akwai sola. Kowanne sai an shige shi ta kebul ɗinsa kafin ya karɓi umarni. Ya haɗa huɗun a wani ɗan akwati mai maɓallin murɗawa, siriyal suwic, ya jona shi da tsohuwar kwamfutar da yake sarrafawa daga Kaduna. Saura mai murɗawa. Hannun hagu na Papa kuwa lafiyarsa ƙalau.

Kullum da yamma sai waya.

"Papa, layi na uku."

Sai numfashi, sai jan kujera, sai ƙas. "Layi uku ya buɗe. Wuce!" Daga nan harshen nan mai nauyi ya fara kokawa da kalmomi: ka ci abinci, yaushe kana zuwa gida.

Da maɓallin ya lalace, Okechukwu ya je shagon abokinsa Stanley neman wani.

"Suwic kuma? Oga, kakanka ne zai rubuta jarrabawar?" in ji Stanley. Ya turo masa wani faffaɗan inji. "Taminal saba. Ka soka duka huɗu a bayansa, kana kwance ka shiga wanda ka ga dama. Ba ka roƙon kowa."

Okechukwu ya jera wa kansa dalilai, kuma babu na ƙarya a ciki. Irinsa ake amfani da shi a ofis. Zai buɗe huɗun lokaci guda, ya ga yadda suke magana da juna. Amma ba wannan ne ya sa ƙirjinsa ya yi sakayau ba. Ya gaji da sauraron mutumin da muryarsa ke tsayar da jirgi a da yana neman kalmar "abinci" kamar mai lalube a aljihu. Ya gaji da tambayar nan ta ƙarshe. Ya ɗauki sabar.

Ranar Asabar ya je gida ya haɗa. Papa na kujera yana kallo ana zare kebul ɗaya bayan ɗaya daga akwatinsa.

"Ina abin juyawa na wannan?"

"Babu, Papa. Da kansa yake yi. Ka huta."

"Ehe," in ji tsohon. Ya miƙa hannu, aka ba shi mataccen akwatin, ya ɗora a cinya.

Yayarsa Uloma, wadda ke jinyar Papa, ta tare shi a bakin kicin.

"Okey, ka san saboda wayarka yana yarda a yi masa wanka? Har rigar kaki na aiki yana sakawa."

"Sista, aiki ne ya buƙata. Zan riƙa kira ai."

"Ka ce masa me? Kai da ba ka taɓa kiransa ba sai da lamba a bakinka."

Ya ce zai makara a tashar mota.

Ranar Litinin da yamma ya buɗe kwamfuta a Sabon Tasha. Rawuta huɗu suka amsa nan take, ba jira, ba numfashin kowa. Ya yi aikin da a da ke cin yammaci guda kafin shayinsa ya huce. Sai ya zauna yana kallon wayarsa. Ya nemi abin da ɗa ke faɗa wa uba idan ba ya son komai a wurinsa, ya rasa. Duk da haka ya danna.

Bugu ɗaya aka ɗauka. "Wane layi?"

Okechukwu ya dubi huɗun, duk a buɗe a gabansa.

"Na uku, Papa."

Ya ji maɓallin mataccen akwatin ya juya, sakwaf, ba ƙas ɗin nan. Tsohon da ya ga an zare kebul ɗin da idonsa ya ce, "Ya buɗe. Wuce."

Okechukwu ya riƙe wayar a kunne yana jiran tambayar da ya tsana. Papa ya kashe.