Sunan da Aka Yi Ba Ƙuli

Shekarun baya, lokacin babban farin nan da ya cinye shanun mutane, na haifi ɗana na fari a ƙauyenmu kusa da Gangara. Kwana biyu da haihuwa nono ya ƙi zuwa, don ni kaina ba ƙoshi nake ba. Yaro ya yi kuka har muryarsa ta dishe.

Akwai wata Bafulatana, ƙawata, da suka sauka bayan gari bayan garkensu ya ƙare. Akuya ɗaya ta rage mata. Kullum da safe sai ga ta da madara a 'yar ƙwarya, ta ce, "Ba shi, ƙawa, nawa sun yi wayo." Da wannan yaron ya rayu har nonona ya kawo.

Da suna ya matso na aika mata. Ta zo ta tsuguna bakin ɗaki ta ce, "Zan yi miki barka daga nan. Abincinku na taro ba na iya ci." Ashe jikinta ba ya shiri da gyaɗa. Ko ɗanɗanawa ta yi, leɓɓanta su kumbura, maƙoshi ya toshe. Ta ce sau ɗaya a kasuwar Cadawa sai a amalanken jaki aka kai ta wurin likita, ba ta san inda take ba.

To mu a shekarar nan hatsi ya yi ƙaranci, abin da za a ba baƙi kwaɗon tafasa da zogale ne, kwaɗo kuwa sai da ƙuli. Na ce a yi shi ba ƙuli.

Gwaggona, wadda girkin ke hannunta, ta saki baki. "'Yar nan, jego ya taɓa miki kai? Ana yunwa wa ke zaɓen abinci? A zuba mata nata gefe."

Na ce, "Gwaggo, wadda ta raba madararta da ɗana ba za ta ci a gefe ba. Akushi ɗaya da kowa."

Mahaifiyata ce ta raba gardamar. Ta fiddo riɗin da ta ɓoye don iri, ta ce a soya. Turmin gidanmu duk ya sha gyaɗa, don haka na sa aka wanke dutsen niƙa da toka, aka niƙa a kai. Ni kuwa, mai jegon da aka hana fita, ina leƙe ta bayan asabari kamar jandarma, ina ihun a canza ludayi. Gwajin farko ɗaci ya yi, har mijina ya tambaya ko magani muke haɗawa. Na biyu, da aka sa daddawar batso da barkono, ya zauna.

Ranar suna ƙawata ta zauna cikin mata, hannunta a cinya. Na ce, "Ci, wallahi ko ƙwaya babu." Ta dube ni, ta yi bismilla, ta kai loma. Na kafe leɓɓanta da ido. Ta ƙara, ta kuma ƙarawa. Ba abin da ya faru. Sai ta yi dariya ta ce, "Rabona da cin abinci cikin taro tun ina budurwa." Mata suka rangaɗa guɗa. Akushin nan har lashe shi aka yi, gwaggo kuma na gefe tana gaya wa baƙi cewa dabararta ce.

Yanzu na tsufa, na yi taro ba adadi, wasu har da sa aka yanka, amma babu wanda nake alfahari da shi kamar wancan na ganye. Har gobe kafin in ɗora tukunya sai na aika gida-gida a tambayo mini abin da jikin kowa ba ya so. Jikokina na yi mini dariya, wai na mai da biki asibiti. Su yi ta yi. Wanda ya fi ƙarfin murya cikin masu yi mini dariyar, wancan jaririn ne ubansa.